Yaron da Ake Turawa Cikin Rumbu

A ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, ba a buɗe rumbu da garaje. Da sassafe, kafin mata su fara neman abin sussuka, maigida ne da kansa zai zo ya jingina tsani, ya ɗaga jinkar rumbun ya tokare ta da gwafa. Shi ba ya shiga. Bakin rumbu ƙarami ne, kuma jikinsa ba ya son nauyin babba. Sai ya kira yaro ɗan shekara takwas ko goma ya ɗora shi, yaron ya zura ƙafafu ya sauka a kan hatsin. Daga nan sai murya kawai kake ji tana fitowa daga ciki.

"Baba, gero ko dawa?"

"Dawa. Dami biyu. Ɗauko na sama ta wajen gabas, kada ka jawo na ƙasa."

"Ga wani ɗan ƙarami a gefe, in haɗa da shi?"

"Biyu na ce."

Yaron zai miƙo, uban ya karɓa, ya ɓalli zangarniya ya murza a tafin hannu ya hura, ya ga ko ƙwaro ya fara mayar da ƙwayar gari. Duk tsawon wannan lokaci ba zai matsa daga gindin tsanin ba, kuma ba wanda zai taɓa gwafar har sai yaron ya fito yana kaɗe ƙaiƙayi daga wuyansa. Yaron ya fi uban zafin nama, ya fi shi ganin abin da ke cikin duhun rumbun, amma ba shi yake yanke adadi ba, ba kuma shi yake cewa yau za a buɗe ba.

Wannan yanki ƙasa ce da ba ta hutawa. Gona na manne da gona, iyaka sai ɗan layin gamba ko lalle, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaye a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. Tun kafin takin zamani jakuna ke jigilar taki a mangala zuwa gonaki, shi ya sa ake noma wuri ɗaya shekara da shekaru bai mutu ba. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, yana neman sanin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga 'yar ƙasa kaɗan. Amsar ba ta wuce tattali ba. Inda babu dajin da za a sara in shekara ta ƙi, abin da aka ajiye shi ne gata. Tsofaffin da suka ga farin 1973, suka kuma ji labarin yunwar 1914 a bakin kakanninsu, ba sa wasa da wannan. Shi ya sa gidan da yake da hali ba ya tsayawa a rumbu ɗaya. Akwai na ci, wanda ake buɗewa kullum ko bayan kwana biyu. Akwai kuma rumbun tsimi, wanda ake kafawa ɗan nesa da ɗakuna da murhu saboda gobara, a ɗora shi kan duwatsu saboda gara da danshi, a rufe a manta da shi sai marka ta zauna, hatsi ya yi tsada a kasuwar Dawanau, sabo bai nuna ba.

Abin lura a nan shi ne rumbun tsimi ba ya kuka. In ɓera ya shiga rumbun ci, gobe da safe za a gani. In gara ta bi ta ƙarƙashin rumbun tsimi, tana iya yin wata biyar tana aiki ba wanda ya sani, sai ranar da aka ɗaga jinka ana sa ran dami talatin a tarar da ƙasa da ƙaiƙayi.

Gwamnatin tarayya ma tana da irin wannan rumbu a Kano, sai dai ba hatsi ne a ciki ba. A ƙarshen watan Janairun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta kamfanin gwamnati Galaxy Backbone a cikin birni, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. Babban dalilin gina ta shi ne ta zama ta ko-ta-kwana ga wadda ke Abuja, ta yadda in wani abu ya sami waccan, bayanan ma'aikatu ba za su tafi da ita ba. Bankuna da kamfanonin waya da manyan makarantu duk haka suke yi gwargwadon ƙarfinsu. Akwai kwamfutar da ake aiki da ita kullum, akwai kuma wata da ke can gefe, aikinta kawai ta karɓi kwafin abin da aka yi a yini ta ajiye, galibi cikin dare lokacin da layi ba cunkoso. Masu sana'ar suna da wata tsohuwar ƙa'ida: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari daban.

Ita ma wannan kwamfutar ajiya ba ta kuka. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya goge bayanai a kan babbar kwamfuta alhali yana zaton ta biyun ce yake kai. Kafin ya ankara ya tsayar, kusan gigabait 300 ta tafi. Da aka waiwayi ajiya, sai aka tarar hanyoyi biyar da kamfanin ya tanada babu wadda ke aiki yadda aka zata. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe da daina kwafa, tana ta aika saƙon gargaɗi ta imel, saƙon kuma ana mayar da shi a hanya ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin ɓarnar. Aikin da mutane suka yi a cikin awa shidan nan ya tafi ke nan.

To ita kwamfutar ajiya ba a cika taɓa ta ba, amma dole wata rana a taɓa hanyar da ake bi a isa gare ta. An sauya kamfanin da ke ba da intanet, ko an sayo sabuwar na'urar rarraba layi, ko adireshin da kwamfutar ke amsawa da shi ya ci karo da na wata, ko ana so a ƙara tsananta katangar tsaro don kada kowa da kowa ya riƙa leƙawa. Duk wannan shi ake kira canza saitin netwok, kuma a cikin ayyukan wannan sana'a babu mai saurin kunyata gwani kamarsa. Dalilin mai sauƙi ne. Mai gyaran ba ya zaune a gaban na'urar. Yana ofis ko yana gida, ta cikin layin da yake gyarawa yake aika umarni. In ya yi kuskuren lamba ɗaya ya danna, na'urar za ta yi masa biyayya nan take, kuma abu na farko da za ta yanke shi ne layin da yake magana da ita. Allon zai tsaya cak. Na'urar lafiyarta lau, fitilunta na ci, amma ba ta jin kowa. Duk wanda ya taɓa kula da intanet ɗin wata makaranta ko cibiyar jarrabawa ya san abin da ke biyo baya: a rufe kwamfuta, a sa kebul a jaka, a nufi tasha. In na'urar tana Bici ko Ɗambatta kai kana cikin birni, yinin ya tafi, ga kuma neman wanda makullin ɗakin yake hannunsa.

Kada a ce wannan ciwon ƙananan masu gyara ne. Ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021, jim kaɗan bayan la'asar a agogon Najeriya, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Mutane a nan suka yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu suka zargi kamfanin layinsu. Ashe a cikin aikin kulawa na yau da kullum ne aka aika wani umarni don auna ƙarfin manyan layukan kamfanin Facebook, sai ya katse su duka. Akwai manhajar da aka tanada don tace irin wannan umarni ta hana shi wucewa, ita ma tana da nata aibin, ba ta hana ba. Kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su daga nesa duk a kan layin da ya mutu suke, dole aka tura mutane da ƙafa zuwa cibiyoyin, inda tsaron da aka yi don ɓarayi ya riƙa jinkirta masu gidan. Mu ma muna da namu. Ranar 12 ga Nuwamban 2018, kamfanin MainOne na Legas yana cikin inganta layukansa ya yi kuskuren saiti, ya shelanta wa duniya cewa hanyar zuwa wasu adiresoshin Google ta wurinsa take. Na tsawon minti 74 zirga-zirgar masu neman Google ta karkata ta bi ta Rasha da Sin ta maƙale. Kamfanin ya fito ya ce kuskure ne, ya gyara.

A cikin wannan hali ne sabon ɗan aike ya shigo. Yawancin masu karatu sun san ƙirƙirarriyar basira a matsayin abin da ake yi wa tambaya a waya ya ba da amsa. Wannan mataki ne na farko. Na biyu shi ne a ba ta hannu: a haɗa ta da kayan aiki ta yadda ba shawara kawai za ta bayar ba, ita za ta shiga na'urar ta duba, ta rubuta umarni, ta danna, ta ga sakamako, ta yanke abin da za ta yi gaba. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari mai suna MCP a watan Nuwamban 2024, wanda ya sauƙaƙa haɗa irin waɗannan manhajoji da kayan aiki, masu sayar da na'urorin ajiya da na netwok suke ta fito da nasu mahaɗan. Mai kula da kwamfutoci zai rubuta da harshen yau da kullum cewa a mayar da kwamfutar ajiya kan sabon adireshi, a buɗe mata ƙofa ta wajen reshen Katsina, ɗan aiken ya je ya yi.

Ban ga laifin mai sha'awar wannan ba. Ma'aikatu da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da komai, shi ne mai gyaran firinta, shi ne mai tsaron bayanai, shi ake kira ƙarfe biyun dare. Ɗan aiken da zai karanta saiti mai layi dubu cikin ƙiftawar ido, ya gano inda lambobi biyu suka ci karo, ba ya gyangyaɗi, ba ya sauri don ya sami motar ƙarshe, taimako ne na gaske. Sau da yawa ma ya fi mutum lura da ƙananan abubuwa. Matsalarsa ita ce ta yaron da ke cewa "in haɗa da shi?" An gina shi ne a kan son kammala aiki. In ya tarar da abin da ya tare masa hanya, hankalinsa yana tafiya ne wajen yadda zai kawar da shi, kuma a kwamfutar ajiya abin da ke tare hanya sau da yawa shi ne tsaron da aka sa da gangan.

A watan Yulin 2025 wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Jason Lemkin yana gina manhaja da taimakon ɗan aiken kamfanin Replit. Ya ba da umarni a fili cewa an dakatar da duk wani canji, kada a taɓa komai. Duk da haka ɗan aiken ya goge rumbun bayanan da ake aiki da shi, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200. Da aka tambaye shi, ya amsa laifinsa da kalamai masu daɗi, sannan ya ce ba za a iya dawo da bayanan ba. Lemkin ya gwada da kansa, sai ga shi sun dawo. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito ya ce abin bai kamata ya yiwu ba ma, kuma gyaran da suka yi ba ƙarin wa'azi ba ne ga ɗan aiken. Raba wurin gwaji suka yi da wurin aiki na gaske, ta yadda hannunsa ba zai kai ba ko ya so. A ganina duk darasin yana cikin wannan gyara. Faɗa wa ɗan aike "kada ka taɓa" roƙo ne. Abin da ba a so ya taɓa, a hana hannunsa isa wurin.

Kayan aikin da aka yi su da hankali a kan wannan suke tafiya. Suna raba gani da taɓawa: ɗan aiken yana da izinin duba saiti da karanta rahoto duk lokacin da ya so, amma canji yana bin wata ƙofa daban. Ba a miƙa masa babban makulli a ce ya rubuta duk umarnin da ya ga dama. Ayyuka ƙididdigaggu ake ba shi, kowanne da iyakarsa, wannan na sauya adireshi ne kawai, wancan na ƙara ƙa'ida ɗaya a katangar tsaro, kuma kowanne yana duba abin da aka ba shi kafin ya karɓa. Kafin a aiwatar, sai ya nuna wa mutum tsohon saiti da sabo gefe da gefe, da layukan da za su canza. Ana ajiye kwafin tsohon saitin a wani wuri. Kowane motsi ana rubuta shi a rajistar da shi ɗan aiken ba zai iya gogewa ba. Goge tsofaffin kwafi kuwa, ko rage yawan kwanakin da ake riƙe su, ba ya cikin ayyukansa sam.

Dabarar da ta fi burge ni tsohuwa ce, ta girmi ƙirƙirarriyar basirar da ake yayi da shekaru masu yawa. A na'urorin Juniper akwai hanyar da ake aiwatar da canji na wucin gadi: na'urar za ta karɓi sabon saiti, ta fara ƙirga minti goma. In mai gyaran ya dawo cikin wannan lokaci ya ce ya tabbatar, saitin ya zauna. In bai dawo ba, na'urar za ta ɗauka canjin ne ya yanke shi, ta koma tsohon saitinta da kanta. A kwamfutocin Ubuntu akwai makamancin haka mai jiran daƙiƙa 120. Na'urorin MikroTik, waɗanda suka cika ofisoshi da ƙananan kamfanonin intanet a ƙasar nan saboda araha, suna da yanayin da in layi ya yanke ana tsakiyar gyara, sai su warware duk abin da aka yi tun da aka kunna shi. Wato shiru da kansa ya zama umarnin a koma baya. Gwafar ke nan da tsanin, an bar su a wurinsu har yaro ya fito.

Amma a nan ne ake yin wani sakaci da ba a cika lura da shi ba. Wa zai ce an tabbatar? In ɗan aiken ne ya yi canji, shi ne kuma ya duba ya ga har yanzu yana iya magana da na'urar, ya danna tabbatarwa, to abin da aka gwada kawai shi ne hanyarsa shi. Ba don shi aka gina kwamfutar ajiya ba. An gina ta ne don kwamfutar albashi da ta rajistar ɗalibai da ta reshen da ke wani gari su riƙa turo kwafinsu cikin dare. Ana iya yin canjin da zai bar ƙofar mai gyara a buɗe ya rufe ta waɗannan, komai ya yi kama da lafiya, rahoto ya ce an kammala cikin nasara, a wayi gari bayan wata uku a tarar kwafi na ƙarshe na ranar gyaran ne. Don haka tabbatarwa ta gaskiya ita ce a sa ɗaya daga cikin masu turo kwafin ta turo wani ɗan abu yanzu-yanzu, a kuma jawo shi baya a buɗe a ga yana nan yadda yake. Kuma abin da zai yi wannan gwajin ya zama daban da wanda ya yi canjin. Mun ga yadda ɗan aiken Replit ya ba da labarin da ba daidai ba a kan aikinsa, ba don mugunta ba, haka nan ya zata ya faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa.

Shi ma mutumin da ake cewa sai ya amince kafin a aiwatar, ba waliyyi ba ne. Ranar farko zai karanta kowane layi. Bayan wata guda, in ana tambayarsa sau arba'in a yini kuma kullum daidai ne, yatsansa zai koyi danna "na yarda" kafin idonsa ya sauka a kan rubutun. Na fi yarda da tsarin da ba ya damun mutum a kan ƙananan abubuwa, amma in an zo kan babba, kamar sauya adireshin da ake shiga da shi ko taɓa katangar tsaro, sai ya tsaya ƙyam ya ce sai mutum ya rubuta sunan na'urar da hannunsa, ko sai mutum na biyu ya sa baki.

Akwai kuma maganar nisa, wadda ta fi duk waɗannan nauyi. Ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta taso daga Yukiren ta shiga kwamfutocin Maersk, kamfanin jiragen ruwan nan na Denmak wanda reshensa ke gudanar da tashar kwantena a Apapa. Cikin ɗan lokaci ta lalata dubban na'urori. Akwai wasu kwamfutoci kimanin 150 a sassan duniya da ke riƙe da kundin sunaye da izinin ma'aikata, kowace tana kwafar 'yar uwarta, an ɗauka wannan ya isa zama ajiya. Da yake duk a haɗe suke, tare suka tafi. Kamar yadda mujallar Wired ta ba da labari daga baya, guda ɗaya tak ta tsira, a ofishin kamfanin da ke Gana, kuma abin da ya cece ta ɗaukewar wuta ce. Lokacin da annobar ke yawo, ita tana kashe, ba ta kan layi. Mujallar ta ce ma'aikatan Gana ba su da bizar Ingila, sai ɗaya ya ɗauko faifan ya kawo Najeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Kamfanin ya sake girka manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Wutar da muke tsine wa kullum ita ta yi wa Maersk abin da manomin Kunci yake yi da gangan in ya kafa rumbun tsimi nesa da murhu. Ɗan aike guda mai riƙe da makullin kwamfutar aiki da na kwamfutar ajiya a lokaci ɗaya ya share wannan tazara, ko da shi kansa bai taɓa yin kuskure ba. Masu kutsen da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa sun daɗe da gane cewa ajiya za su fara nema su lalata, domin mai ajiya ba ya biya. Yanzu an samar musu sabuwar ƙofa. Ga shi kuma irin wannan ɗan aike yana da wani rauni na kansa: rubutu yake karantawa ya yi aiki da shi, kuma ba kullum yake bambance umarnin maigidansa da rubutun da ya tsinta a hanya ba. Wanda ya iya cusa jimla a cikin rahoton da ɗan aiken zai karanta, ko a cikin saƙon neman gyara, yana iya karkatar da shi ba tare da ya saci kalmar sirri ko ɗaya ba. Har yau masu bincike ba su sami maganin da ya kashe wannan ciwo gaba ɗaya ba, shi ya sa nake ganin kwafi ɗaya aƙalla ya kamata ya zauna inda babu layin da ke isa gare shi, ko a kan ma'ajiyar da in an rubuta ba a gogewa sai wa'adi ya cika, ko mai babban makulli ne ya zo.

Za a ce wannan duk zancen manyan kamfanoni ne, ina ruwan sakatariyar ƙaramar hukuma ko asibitin karkara ko kwalejojin da ke Bici da Ɗambatta. Ruwansu ne, domin sakamakon ɗalibai da jerin albashi da katin marasa lafiya duk suna komawa kwamfuta, kuma masu sayar da kaya ba za su daɗe ba za su iso da takardun talla masu sheƙi, suna cewa ga abin da zai rage muku ma'aikaci. In an zauna da su, ba sai an san yaren injiniyoyi ba kafin a yi musu tambayoyin da suka dace. A ce su nuna abin da ɗan aiken ba zai iya yi ba ko an umarce shi. A ce su yi canjin da zai yanke layi da gangan a gaban kowa, a zauna a duba agogo a ga ko na'urar za ta dawo da kanta. A goge wani fayil na gwaji, a ce su dawo da shi daga ajiyar jiya. Mai kaya na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba.

Sauran abu ɗaya da ba ya cikin takardar talla, shi ne hanya ta biyu. Ko da agogon komawa baya, akwai ranar da na'ura za ta ƙi dawowa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar ƙirga. Manyan cibiyoyi suna jan wani layi daban kacokan, wanda bai ratsa ta netwok ɗin da ake gyarawa ba, don shiga ta bayan gida a irin wannan rana. A ƙaramin ofis wannan bai wuce 'yar na'ura mai layin waya na wani kamfani daban ba, da batirin da zai riƙe ta, da wanda zai tuna ya sa mata data duk wata. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma shi ake fara yankewa in an zo rage kasafi, saboda shekara na iya wucewa ba a yi amfani da shi ba, kuma akanta yana ganinsa a takarda kowane wata yana tambayar na mene ne. Inda aka yanke shi, hanya ta biyu ita ce mai gadin da ke da makullin ɗakin, da lambar wayarsa, da fatan ya bar ta a kunne.